Abin da Na Yanke Daga Rumbu

Ranar Asabar ta biyu bayan ƙaramar salla, da ƙarfe goma da kwata na safe, samari uku da budurwa ɗaya suka yi sallama a zauren gidana da ke Tambuwal. Biyu daga cikinsu na san iyayensu: Nasiru, jikan maƙwabcina, da Shafa'atu, 'yar ƙanwata. Dukansu sun gama koyon kwamfuta a Sakkwato, kuma an gaya musu cewa tsohon nan ya yi shekaru yana rubuta manhaja tare da mutanen da bai taɓa gani ba.

Nasiru bai jira an kawo ruwa ba. Ya ce, "Baba Umaru, wai ina wuyar wanga aiki? Ka gyara layi biyu, ka danna, ka aika. Ni ko a waya nika yin nawa."

Na ce, "In ka yi kuskure fa?"

"Sai in goge."

Na ce masa ya gyara zama. Abin da ke biye shi ne abin da na gaya musu, da ɗan ƙarin da na tuna bayan sun tafi.

Aikina na farko ba na kwamfuta ba ne. Na shiga gidan rediyo a shekarun da Jihar Sakkwato take sabuwa, kuɗin mai na shigowa, ana sauke mana injinan naɗar murya a cikin akwatunan katako, wasu ma ba mu da ɗakin da za mu sa su. Aka damƙa ni a hannun Malam Barau, mai gyaran tef. Kayan aikinsa uku ne: reza, farin fensir, da siririn salatif. Ranar farko ya ɗora jawabin wani babban jami'i wanda ya yi tari sau bakwai a cikin minti huɗu, ya kuma ambaci Kebbe a inda yake nufin Tambuwal. Malam Barau yana murza tef da yatsa, gaba da baya, har ya ji bakin tarin. Sai ya sa alama, ya yanke a karkace, ya haɗa, ya liƙe. Guntun da ya cire yakan rataya shi a wuya har ya gama, ko da za a sake nema. In an tashi aiki sai ya zube su duka a kwando. Da aka watsa jawabin, mutumin ya fito kamar bai taɓa tari ba a rayuwarsa.

Malam Barau ya ce mini, "Yaro, abin da munka yanke bai faru ba. Mai saurare bai aiko mu jin tarin kowa ba."

Shekara talatin da ɗoriya ina aiki da wannan doka, kuma doka ce mai kyau a wurinta. Ku riƙe ta a rai, za ta dawo.

Da kwamfuta ta kori tef, ni aka tura koyo saboda babu mai so. Na fara da gyara murya a kan allo, na koma rubuta 'yan umarni da ke jera shirye-shiryen rana, daga nan abin ya kama ni. Lokacin da na ajiye aiki na dawo gida, sai wani jami'in lafiya, Malam Sahabi, mai duba ƙananan asibitocin yankinmu har zuwa Kebbe, ya ji labarina. An ba su kwamfutoci da wata manhajar rajistar masu juna biyu da jarirai, ba mai kula musu da ita. Manhajar kyauta ce, kuma a buɗe take. Ma'ana, rubutun da aka gina ta da shi yana nan a fili, kowa a duniya yana iya karantawa, ya gyara, ya miƙa gyaransa a duba.

Wurin da rubutun yake zaune ni rumbu nake ce masa. Bambancinsa da rumbun gero shi ne ba ya manta komai. Duk gyaran da ka yi, sai ka ɗaure shi wuri ɗaya, ka rubuta dalili, rumbun ya buga masa sunanka da rana da sa'a. Wannan ɗauri ɗaya shi ne ajiya. Ajiya tana hawa kan ajiya, har a iya komawa baya a ga yadda manhajar take a kowace rana tun farkonta. In kana son gwada wani abu ba tare da ka taɓa na jama'a ba, sai ka fitar da reshe, ka yi aikinka a can. In ya yi kyau, mai riƙon rumbu ya haɗa shi da babban jiki.

Mai riƙon namu wata mata ce daga gabashin Afirka, sunanta Ester. Ban taɓa jin muryarta ba, sai rubutu. Ita ce Malam Barau ɗina na biyu, kuma ta fi na farkon tsanani.

Gyaran da na fara aika mata ƙarami ne. Manhajar ba ta yarda a yi wa mace rajista sai an sa ranar haihuwarta, mu kuwa matanmu da yawa sai dai su ce maka shekarar da aka yi ambaliya ko shekarar da aka tona rijiyar unguwa. Na sa gurbin da za a rubuta kimanin shekaru. Da na shiga, sai na ga wasu layuka ba su daidaita ba, na daidaita su, na kuma gyara rubutun wasu kalmomi, na ɗaure duka a ajiya ɗaya na aika. Ta dawo da shi: abu uku ka yi, raba su uku. Na raba. Ta dawo da shi: dalilinka ya ce "gyara", gyaran me, don wa? Na rubuta dalili. Ta dawo da shi: ina gwaji? Gwaji wani ɗan rubutu ne da ke tambayar manhajar abin da ka san amsarsa, kuma duk wanda ya kawo sabon gyara sai an sake yi mata tambayoyin nan gaba ɗaya. Sau biyar gyaran ya je ya dawo. A na shida ta rubuta kalma biyu, cewa an karɓa kuma an gode.

Kowace tafiya daga cikin shidan nan tafiyar ƙafa ce. Layin intanet bai kaiwa ɗakina a lokacin. Nakan rubuta a gida har batirin ya yi ƙasa, in ɗauki kwamfutar da ɗan modem mai jawo intanet in tafi bayan tasha, inda akwai wani dakali da ke kama layi. Direbobin bas na hanyar Sakkwato suka sa mini suna Mai-jiran-iska. Sauran kayan aikina su ne littafin rubutu irin na 'yan firamare, da nake tsara tunani a ciki kafin in taɓa madanni, da filash guda uku, 'yan ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, da nake kai sabuwar manhaja da su ƙauyuka a kan babur.

Shafa'atu ta tambaye ni nawa ake biyana. Na ce ba a biya. Nasiru ya dubi abokansa, suka yi dariya. Na ce su bari su ji masu sayen kayan nawa tukuna.

Ungozomomi ne da ma'aikatan jinya, kuma babu wadda ta kai Hajiya Kulu sa ido. Ita ke riƙe da ɗakin haihuwa a wani ƙaramin asibiti cikin ƙasar Kebbe. Ranar da na fara zuwa wurinta ta juyo mini da allon kwamfutar kamar mai nuna wa alƙali shaida.

"Malam Umaru, wanda ya yi wanga abu, ya taɓa haihuwa kuwa?"

Na ce ban sani ba.

"Bai taɓa ba. Jinjiri ya faɗo yanzu, ina son in rubuta an yi mai allurar damtse, na'urar ta ce sai na sa suna. Wane suna? Uban ya yi huɗuba a kunne, ya tafi da sunan cikin bakinai. Ni wa, da za ni ji kafin ranar suna? Ko kakar yaron ba ta tambaya."

Na tambaye ta yadda take yi. Ta ce duk namiji Muhammadu take sa masa, duk mace Fatima. Na duba rajistar, na tarar da Muhammadu sun cika shafi, ba a san ɗan wa da wa ba.

Wannan shi ne irin aikin da ya sa ake bukatar mutum kamata a cikin rumbu. Ester ta fi ni iya rubutu nesa ba kusa ba, amma ba ta san cewa a wurinmu suna yana kwana bakwai kafin ya fito ba. Zuwa lokacin na yi shekara biyu ina aika gyara, har ta ba ni makullin wani reshe na musamman, wanda asibitocin yankinmu ke amfani da shi. A wannan reshen ina iya zuba ajiya kai tsaye, ita sai bayan watanni take leƙowa ta ɗebi abin da ya dace da kowa.

Dabarar da na yi mai sauƙi ce. A bar gurbin suna babu komai, manhajar ta ba jariri lambar wucin gadi, wadda ta haɗa daga lambar katin uwarsa da ranar haihuwarsa. Bayan suna a cike. Na rubuta gwaji uku, duka suka wuce. Na zuba a reshe, na ɗauki filash na zagaya. Hajiya Kulu ta gwada a gabana, ta ce, "To, yanzu kun yi hankali." Ta karɓi filash ɗin ta ce in bar mata, in kwamfutar ta lalace ba ta jiran babur ɗina.

Sati uku bayan haka aka gayyace ni suna a Sanyinna. Da safe muna zaune, an raba goro, liman ya yi addu'a, sai na ga raguna biyu a ɗaure. Sanƙira ya ɗaga murya ya faɗi suna biyu. Ina tauna goro ina lissafi: uwa ɗaya, kati ɗaya, rana ɗaya. Lamba ɗaya ke nan ga yara biyu. Duk wanda aka shigar daga baya zai hau kan na farko ya shafe shi. Ban tsaya cin waina ba.

Gyaran bai ɗauke ni rabin sa'a ba. Na ƙara wa lambar wani gurbi: na farko, na biyu, na uku. Abin da ya kamata in yi daga nan a bayyane yake. In ɗora sabuwar ajiya a kan tsohuwar, in rubuta cewa ta ranar kaza tana da aibi kaza, in sanar da Ester, in sanar da asibitoci su duba tagwayen da aka haifa a tsakani. Amma da na dubi jerin ajiyoyin, na ga mai aibin tana zaune a tsakiya da sunana a jiki, sai hannuna ya yi abin da ya saba. Akwai umarnin da ke ba ka dama ka buɗe tsohuwar ajiya, ka canza cikinta, ka mayar da ita da tsohuwar ranarta, sannan ka tilasta wa rumbu ya karɓi sabon jerin a madadin tsohon. An yi shi ne don mutum ya share aikinsa kafin kowa ya ɗauka. Na yanke, na haɗa, na liƙe. Ko tabo babu. A zagayena na gaba na sabunta kwamfutocin asibitoci, na ce musu 'yan gyare-gyare ne.

Har yau abin yana ba ni mamaki in na duba shi. Ban zauna na shirya ɓoye laifi ba. A ganina tsabtace aiki nake yi. Abin da ban lura da shi ba shi ne Malam Barau yana yanke tef ne kafin ya hau iska. Nawa ya riga ya yi sati uku a iska.

A cikin sati ukun nan an haifi tagwaye mata a hannun Hajiya Kulu. Ɗaya ta fito ƙarama ƙwarai, sai aka ɗaga mata allurar damtse, ta rigakafin tarin fuka, har ta ƙara nauyi. Hajiya ta shigar da ƙaramar da farko, ta sa a kira ta bayan sati biyu. Sannan ta shigar da babbar, an yi mata allura. Babbar ta hau kan ƙaramar. Da lokaci ya yi, jerin waɗanda za a kira bai nuna kowa ba. Sai a sati na shida, da uwar ta kawo su wata allurar, Hajiya ta ɗaga hannun Hassana ta ga ƙurjin allura, ta ɗaga na Hussaina ta gan shi sumul. Nan take ta yi mata, kuma ita da kanta ta kai rahoto wurin Malam Sahabi, ta ce kwamfuta ta cinye mata yarinya.

Malam Sahabi mutum ne mai bin ƙa'ida. Ya rubuta wa masu manhajar. Ester ta bincika kamar yadda ya dace: ta ɗebi reshenmu, ta koma ga ajiyar ranar da aka fara aikin, ta shigar da tagwaye na gwaji, suka fito su biyu. Ta amsa cewa manhajar ba ta da wannan aibi, kuma tarihi ya nuna ba ta taɓa samunsa ba. Gaskiya ta faɗa bisa abin da ke gabanta. Saura mutum ɗaya ke nan da laifin zai hau. Aka rubuta wa Hajiya Kulu takardar tuhuma, cewa ba ta yi wa jaririya rajista ba, sannan ta ɗora wa na'ura. Za a cire ta daga ɗakin haihuwa, bayan shekara ashirin da wani abu tana riƙe da shi.

Ranar wata Laraba da hantsi Malam Sahabi ya tsayar da babur a ƙofar gidan nan, ya shigo da takardar. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ka san kan abin. Sa hannu nika so, a matsayin shaida, cewa injin lafiya lau yake."

Na karanta sau biyu. Na ce masa injin lafiya lau yake yau, amma ranar da aka haifi yaran ba lafiya yake ba, kuma ni na lalata shi. Ya ce ai mai rumbun ta ce tarihi bai nuna ba. Na ce ni na yanke tarihin. Sannan ya ce magana ta baki ba ta soke takarda, musamman maganar wanda kowa ya san yana shiri da Hajiya. In kawo abin da za a gani.

Na buɗe kwamfutata, babu. Rumbu yakan riƙe guntun da aka yanke na ɗan lokaci, kamar yadda Malam Barau ke rataya nasa a wuya, daga baya ya zubar. Nawa an riga an zubar. Kwamfutocin asibitoci kuwa ni da hannuna na sabunta su. Filash biyun da ke jakata na sake rubutu a kansu. Sai na tuna na ukun.

Washegari muka kama hanyar Kebbe, damina ta ɓata ta, sau biyu muna sauka muna tura babur. Muka tarar da Hajiya tana wanke hannu. Ban tsaya dogon gaisuwa ba, na gaya mata abin da na yi, a gaban Malam Sahabi da matan da ke jiran awo.

Ta goge hannunta a hankali. "Wato kai ka ci yarinyar, ka kuma wanke kwanon."

Na ce haka ne.

"Da gemunka, Malam Umaru. Ni in na yi kuskure a littafin haihuwa, layi guda nika ja a kai, in sa hannu a gefe, kowa ya gani. Ba a koya muku haka ba can gidan rediyo?"

Na ce akasin haka aka koya mana.

Ta buɗe aljihun tebur, ta fito da gwangwanin madara, ta ciro filash ɗin a naɗe cikin leda tare da makullin firij. Na sa shi a kwamfutata. Tsohon reshen yana nan cif, da ajiyar mai aibi, da sunana, da ranarta. Na ce wa Malam Sahabi ya shigar da tagwaye da hannunsa. Ya shigar da ta farko, ya shigar da ta biyu, ya buɗe jeri. Yarinya ɗaya. Ya sake, don shi ba ya yarda da sau ɗaya. Yarinya ɗaya. Ya ninke takardar tuhumar ya sa a aljihu, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri."

Ta ce, "Ni ba ni da lokacin haƙuri, ga mata huɗu na jirana."

Da na dawo na je dakalin bayan tasha, na mayar da tsohon reshen cikin rumbu a ƙarƙashin wani suna, don ya zauna a gani. Na rubuta wa Ester da duk masu aikin bayani a fili: ranar da aibin ya shiga, ranar da na gano shi, abin da na yanke, asibitocin da abin ya shafa, da wadda aka kusa korewa saboda shi. Amsarta gajeriya ce. Ta ce kuskuren lamba kowa na yi, ita ma ba lallai ta tuna da tagwaye ba. Yanke tarihin da wasu suka riga suka ɗauka shi ne abin da ba a yi. Ta karɓe makullin, ta rufe wannan umarni a kan duk rassan da asibitoci ke amfani da su, har nata. Ta ce in rubuta gwajin da ya kamata in rubuta tun farko.

Sauran shekarar a kan babur na yi ta, ina bin asibitoci ɗaya bayan ɗaya, ina gwama littafin haihuwa na takarda da rajistar kwamfuta, kwanan wata da kwanan wata. An samu wasu tagwayen a wajen Jabo da abin ya shafa, amma su duka biyun an yi musu allura. Duk gyaran da na aika a wannan shekara sai ya bi layi kamar na sabon shiga. Direbobin tasha suka ce Mai-jiran-iska ya koma aji ɗaya.

Shafa'atu ta ce, "Kawu, da ka yi shiru ai ba mai sani."

Na ce haka ne, kuma wannan shi ne aibin reza. Tana aiki sosai.

Nasiru ya ce shi bai yarda akwai inda tsoho zai rubuta laifinsa ya bari duniya na karantawa ba. Na miƙa masa kwamfutar. Ya nemo ajiyar, ya karanta bayanin a bayyane har ƙarshe, abokansa na leƙe ta kafaɗarsa. Ya ce, "Baba, ai kana iya goge shi yanzu." Na ce ya gwada. Rumbun ya ƙi.

Hajiya Kulu ta ci gaba da riƙon ɗakin haihuwarta har ta yi ritaya. An mayar mini da makullin a shekarar da ta biyo bayan wadda aka karɓe shi. Gwajin da na rubuta sunansa Tagwayen Kebbe, kuma ana yi wa manhajar shi duk lokacin da wani ya kawo gyara, daga kowace ƙasa yake. Ranar Talatar da ta biyo bayan zamanmu, Nasiru ya aika wa rumbun gyaransa na farko daga wayarsa, layi biyu a kan lambar jarirai. Kafin azahar an dawo masa da shi, saboda ya faɗi gwajin Tagwayen Kebbe.